Sulken da aka rufe ƙofarsa: a dawo da shi ko a bar wa waɗanda suka sha wuya?

Mai Garkuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya Laraba da daddare a wasan World of Warcraft, dodon nan Chromaggus ya yar mini da kafaɗun Judgement, sulken faladin. Mako na goma sha tara ke nan ina shiga wurin farmakin Blackwing Lair ni kaɗai saboda su, kuma su ne guntu na takwas, na ƙarshe. Da na ga sunan ya fito da launin shunayya sai da na ɗauke hannuna daga linzami na zauna shiru na ɗan lokaci. Daga nan na ruga wajen mai sauya kama na jera su gaba ɗaya: hular nan mai rufe fuska, rigar da ke sauka har ƙasa, ja da baƙi da ruwan gwal. Na fi minti goma ina juya faladin ɗina ina kallonsa.

Amma ba murna kaɗai ta kawo ni ba. Da na buɗe shafin siffofi don in ga abin da ya rage mini, sai idona ya sake faɗawa kan gurbin da ba zan taɓa cikewa ba, wato garkuwa da makamin Mage Tower, hasumiyar gwajin mutum ɗaya ta zamanin babin Legion. Na gwada Kruul, dodon gwajina, wajen sau talatin a 2017 ban ci ba. Sai mahaifina ya kwanta rashin lafiya, na koma kwana a asibiti wata da watanni. Kafin in dawo, a watan Yuli na 2018 an rufe ƙofar. Ban ga laifin kowa ba, kuma da za a maimaita, asibitin zan sake zaɓa. Tambayata dai ita ce: siffar da aka daina bayarwa, ya dace a dawo da ita bayan shekaru, ko a bar ta ga waɗanda suka samu a lokacinta? Ina so in ji ra'ayin kowa, musamman waɗanda suka mallaki irin waɗannan kaya.

Maharbi:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki! Chromaggus ɗin nan ya wahalar da mutane da yawa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya.

Mai Garkuwa:
Amin, na gode. Ya rasu a shekarar, Allah Ya jiƙansa.

Maharbi:
Allahu Akbar. Allah Ya gafarta masa, Ya sa ya huta. Ka yi haƙuri ɗan'uwa, ban sani ba.

Sabon Shiga:
Allah Ya jiƙan Baba. Yayyena ku yi mini afuwa, wata biyu kacal na yi da fara World of Warcraft. Wannan sauya kamar da kuke magana, yana ƙara wa mutum ƙarfi ne? In ba ya ƙarawa, me ya sa za a yi mako goma sha tara ana bin kafaɗa?

Tauraruwa:
Ƙanena, ko ƙwayar zarra ba ya ƙarawa. Kayan da ka sa suna nan da ƙarfinsu, kamanninsu kawai ake canzawa. Kana iya sanye da sulken da ya fito jiya, amma a ido ya zama na 2005. Ana ce masa tiransmog, ya shigo wasan a ƙarshen 2011, zamanin Cataclysm. A wancan lokacin sai ka ajiye ainihin kayan a jaka ko a banki kafin ka iya ɗaukar siffarsu, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa za su ba ka labarin bankin da ya cika maƙil da takalma da huluna. A 2016, gab da fitowar Legion, aka kawo kundin siffofi: da zarar kaya ya zama naka, siffarsa ta shiga kundi, ka sayar da shi ka huta.

Dalilin bin kafaɗa kuwa, ka ba kanka wata shida. Takobin da kake alfahari da shi yau, kakar wasa mai zuwa shara ne, domin za a fito da wanda ya fi shi. Siffa ce kaɗai ba ta tsufa.

Dattijo:
Mai Garkuwa, Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ku haƙuri. Ka yi tambaya da ladabi, zan ba ka amsa da gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Ni ina ganin kada a dawo da su.

Ina da kayan Challenge Mode na Pandaria. Ga wanda bai riski lokacin ba: kurkuku tara ne, mutum biyar, an daidaita ƙarfin kayan kowa zuwa mataki 463, saboda haka ba wanda zai zo da manyan kaya ya tattake wurin. Agogo na tafiya, kuma sai kun ci lambar gwal a duka taran kafin a ba ka kayan ajinka. An rufe shi a 2014 kafin Warlords of Draenor.

Mu biyar muka yi. Mun kwashe kusan wata huɗu, dare biyu a mako. Shado-Pan Monastery kaɗai ta ci mana mako uku. Na tuna daren da muka sha maganin ɓacewa don mu wuce wani gungun dodanni, sai ɗayanmu ya danna wani abu bisa kuskure ya bayyana, aka kashe mu duka, saura ƙiris mu ci. Ba wanda ya yi masa faɗa. Mai warkar da mu ya ce, "A sake." Haka yake cewa kullum, kalma biyu. Shi ma ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, muryarsa kawai na sani.

Yau in na ga wani ya wuce da waɗannan kaya a birnin Stormwind, na san abin da ya sha, na san shekarar, na san shi ma yana da mutum huɗu da yake tunawa. Ranar da aka mayar da su abin da kowa zai ɗauka, wannan shaidar ta goge. An faɗa mana tun farko cewa na lokaci ne. A kan wannan alkawarin muka hana idonmu barci.

Maharbi:
Yaya Dattijo, maganarka ta taɓa ni, amma bari in tambaye ka. Idan ni na sa kayan nan gobe, me ya ragu a cikin abin da kuka yi da abokinka? Daren nan na Shado-Pan yana zuciyarka, ba ya jikin kafaɗar.

Dattijo:
Ba abin da zai ragu a zuciyata. Abin da zai ragu shi ne abin da wasu za su karanta in sun gan ni. Lambar yabo ma ƙarfe ce kawai, amma ba a raba ta ga duk wanda ya ga ta yi masa kyau.

Maharbi:
To ai nan ne muka rabu. Ni ban ɗauke ta lambar yabo ba, na ɗauke ta aikin masu zane. Mutane sun zauna sun zana abin nan, sun ɓata makonni a kansa, sannan a ce yaron da yake shekara shida a 2014 ba shi da hakkin sa shi har abada? Laifinsa shi ne an haife shi a makare? Ga Sabon Shiga nan, ko ya fi kowa iya wasa a duniya, ƙofar a rufe take. Wannan ba gwajin ƙwarewa ba ne, gwajin ranar haihuwa ne.

Mai Gwanjo:
Ku bar ni in shigo da abin da ya riga ya faru, don ba yau aka fara wannan rigimar ba. Kayan Tier 3 na tsohuwar Naxxramas, wurin farmaki na mutum arba'in, wadda ta fito a 2006. 'Yan wasa kaɗan ne suka shiga wurin a lokacinsa. A 2008 aka ɗauke Naxxramas aka kai ta Northrend, kayan asali suka ɓace. Daga 2012 suka riƙa fitowa jefi-jefi a kasuwar bayan fage ta Madam Goya, ana yin gwanjonsu, wani guntun har ya kai maƙurar gwal ɗin da jaka ke iya ɗauka. Sai a 2023 aka buɗe hanyar ƙera su, mai tsawo kuma mai tsadar gaske.

Me ya faru? Duniya ba ta tashi ba. Har gobe in ka ga mayaƙi sanye da Dreadnaught, wato Tier 3 ɗin ajinsa, cikakke sai ka tsaya ka duba shi. Abin da ya canza shi ne, da in ka gan shi ka san tsohon hannu ne, yanzu ka san ko tsohon hannu ne ko mai gwal ne.

Dattijo:
Ka kawo mini hujja da kanka, Malam. "Ko tsohon hannu ko mai gwal." Wannan "ko" ɗin shi ne abin da nake gudu.

Mai Gwanjo:
Gwal ɗin ma ba daga sama yake faɗowa ba, Yaya. Ni shekara uku na yi ina bin ƙananan kurkukun da kowa ya manta da su, ina tara koren kaya ina kai wa gidan gwanjo. Wando ɗaya yakan yi wata biyar ina sake ɗora shi kafin ya samu mai saye. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tauraruwa:
Ni yanzu rabin lokacina a Final Fantasy XIV nake, kuma ina ganin akwai abin dubawa a can. Su gilamo suke ce wa abin. Akwai durowar ajiye siffofi mai cin kaya 800, da faranti 20 na haɗin kaya da kake shiryawa ka ajiye, sannan ga rini, wanda tun fitowar Dawntrail a 2024 kaya da yawa suna karɓar launi biyu. Kowane mako kuma akwai gasar ado a Gold Saucer, a ba da jigo, ka je a duba ka a ba ka maki. A can tambayar da aka fi yi mini ba "a ina kika samu?" ba ce, "yaya kika haɗa?" ce. Akwai wata riga da na saya wajen mai shago na ƙauyen farko da kuɗin da bai kai komai ba, na rina ta shuɗi mai duhu, na haɗa da takalman wani farmaki. Mutum uku suka tsayar da ni a rana ɗaya.

Amma ba wannan ne babban abin da nake so in faɗa ba. Suna da faɗan da ake kira Ultimate. Na farkonsu, na Bahamut, ya fito a 2017, kuma har yau ƙofarsa a buɗe take. Sai dai in za ka shiga, dole a sauke ka zuwa mataki 70, ba ka isa ka je da ƙarfinka na yau ka murƙushe shi ba. Makamin da ake samu a wurin mai walƙiyar gwal ne, duk wanda ya gan shi a hannunka ya san ka sha wuya. Ba a ce sai wanda ya zo a 2017 ba, an ce sai wanda ya iya. To me zai hana a yi haka? Ƙofa a buɗe, wahala a tsaye inda take. Yaya Dattijo ya riƙe shaidarsa, Mai Garkuwa ya samu damarsa.

Ɗan Lissafi:
Anti Tauraruwa, shawarar tana da kyau a takarda, amma wahala ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ana sauya ajujuwa kowane babi, ana ƙara musu dabaru, ana cire wasu. Waɗanda suka yi faɗan Bahamut ɗin da farko za su gaya miki cewa na yanzu ya fi sauƙi, don ɓarnar da 'yan wasa ke yi ta ƙaru ko da an sauke matakinsu. Ga kuma bidiyo da jagora da suka cika intanet, alhali na farko da ka suka shiga. Shi kansa Mage Tower ɗin, wanda ya ci shi a watan farko da wanda ya ci a makon ƙarshe da manyan kayan Antorus, farmakin ƙarshe na Legion, ba abu ɗaya suka yi ba, amma siffa ɗaya aka ba su.

Maharbi:
Madalla! Ka ga ke nan shaidar da ake karewa tun asali ba tsantsa ba ce. Wasu ma biya suka yi da gwal aka ɗauke su a Challenge Mode, kowa ya san an yi wannan ciniki.

Dattijo:
An yi, ban musa ba. Samun jabun kuɗi a kasuwa bai sa an daina karɓar na gaske ba.

Shugabar Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, a ci gaba a haka. Na goge saƙo ɗaya da ya kira wani ɓangare da mabarata. Wanda ya rubuta ya san kansa, kada a sake.

Sabon Shiga:
Anti, ni fa yanzu tsoro ya kama ni. Ke nan akwai abubuwan da ake bayarwa yanzu da in ban yi sauri ba za su wuce ni?

Tauraruwa:
Akwai, amma ba su kai yadda kake tsammani ba. Mafi yawa kayan manyan 'yan karawa ne, wato launin musamman da ake ba wanda ya kai wani maki a faɗa tsakanin 'yan wasa, shi kan tafi da ƙarewar kaka. Sai Trading Post da aka buɗe a watan Fabrairu na 2023: duk wata ana ba ka kuɗin wurin 500 don ka shigo kawai, wasu 500 kuma in ka cika ayyukan wata. Kayan suna juyawa, amma kana iya daskarar da guda ɗaya ya jira ka, kuma da yawa suna sake dawowa. Sauran kuwa, dubban siffofi, suna nan zube a tsofaffin wurare ba inda za su.

Kuma ka zo a sa'a. Da, in kana wasa da matsafi mai sa yadi, sulken ƙarfe ya faɗo maka, asara ce, ba ya shiga kundinka. Sai ka sake zuwa da mayaƙi ko faladin. Aji huɗu ne na kaya: ƙarfe, sarƙa, fata, yadi, saboda haka mai son tara komai sai ya bi wuri ɗaya da jarumai huɗu. Tun The War Within a 2024 galibin abin da ya faɗo maka yana shiga kundi ko da jaruminka ba zai iya sa shi ba. Mu da muka yi wancan zamanin mun san irin sauƙin da aka yi muku.

Ɗan Lissafi:
Tunda an zo nan, bari in faɗa wa Sabon Shiga abin da na so a ce an faɗa mini. Manyan wuraren farmaki sau ɗaya ake kwasar ganimarsu a mako ga kowane jarumi. Sabar Amurka tana sabuntawa ranar Talata, ta Turai ranar Laraba. Yanzu ɗauki misali, a ce wani abu yana faɗowa sau ɗaya cikin ɗari. Mutane suna zaton in sun je sau ɗari dole su samu. Ba haka ba ne. Bayan zuwa 69, rabin masu nema ne suka samu. Bayan zuwa 100, kusan mutum 37 cikin ɗari har yanzu hannu rabbana. Kuma dodon ba ya tuna ka. Zuwanka na ɗari da ɗaya daidai yake da na farko, ba wani bashi da kake binsa.

Na faɗi haka ne don na taɓa faɗawa ramin. Na sa wata ƙarin manhaja mai suna ALL THE THINGS, wadda ke nuna maka duk abin da ba ka da shi a duk inda ka taka, da kaso cikin ɗari. Na wayi gari ina da jarumai goma sha ɗaya, kowace Laraba ina bin Siege of Orgrimmar da waɗanda za su iya, ina neman kafaɗun da ake kira haurun Mannoroth a wajen Garrosh, dodon ƙarshe. Wurin nan dodo goma sha huɗu ne, dogo ne ƙwarai. Wata rana 'yata ta zo da littafinta tana so in duba mata aikin makaranta, na ce ta jira in gama. Da na juyo ta yi barci a kan kujera, littafin a ƙirjinta, fensir a ƙasa. Kuma haurun bai faɗo ba. A daren na cire manhajar. Ba laifinta ba ne, kayan aiki ce mai kyau, ni ne ban san inda zan tsaya ba. Yanzu jarumi biyu nake bi, kuma sai yara sun kwanta.

Abin da ya haɗa wannan da tambayar Mai Garkuwa: duk abin da aka ce zai tafi ba zai dawo ba, yana sa mutum ya zaɓi wasa a lokacin da bai kamata ba. Mai Garkuwa ya zaɓi daidai, ya zauna da mahaifinsa. Tsarin da zai sa wanda ya zaɓi daidai ya riƙa jin ɗaci bayan shekaru, ni ban yarda da shi ba. A nan na tsaya, duk da abin da na faɗa wa Anti ɗazu.

Dattijo:
Wannan maganar ta fi duk waɗanda aka yi mini nauyi. Na karanta ta sau biyu.

Ba zan ce na sauya ra'ayi a kan abin da ya wuce ba. An yi alkawari, a cika shi. Amma in ana maganar gaba, na yarda kada a ƙara yin irinsa. Duk abin da za a fitar nan gaba, a bar ƙofarsa a buɗe kamar yadda Tauraruwa ta ce, wanda ya ci a kakar farko a ba shi laƙabi ko kwanan wata a kundin nasarori, ya ishe shi.

Maharbi:
Yaya, to na baya fa? Su Mai Garkuwa su haƙura ke nan?

Dattijo:
Akwai hanyar tsakiya, kuma an riga an bi ta. Da aka dawo da Mage Tower a ƙarshen 2021, ba a ba da makaman asali ba, an ba da kayan Tomb of Sargeras da wani launi dabam, masu jarumin da ke rikiɗa beyar kuma aka ba su irin siffar nan mai tsayuwa da ƙafa biyu amma da koren wuta. A bikin cika shekara 20 a 2024 ma an sake zana kayan Tier 2 gaba ɗaya, har da Judgement ɗin da ake magana, kuma na asali bai rasa masu nema ba, ga shi Mai Garkuwa ya yi mako goma sha tara a kansa. A ba kowa ƙirar, a bar wa na farko launinsa.

Maharbi:
Launi dabam ba shi ne abin ba. Wanda yake son shuɗi ka ba shi kore ka ce ya gode?

Mai Gwanjo:
Ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tun 2013 aka fara sayar da huluna a shagon wasan da dala 15 kowace, yanzu kuwa kaya cikakku ake sayarwa. In har za a dawo da tsofaffin siffofi, to a dawo da su ta hanyar wasa. Ranar da na ga kayan Challenge Mode a shago da kati, ranar zan koma bayan Yaya Dattijo da ƙafa biyu.

Tauraruwa:
A wannan kam ina jin duk mun haɗu.

Maharbi:
Har ni. A sha wuya a samu, amma a bar mutum ya sha wuyar.

Mai Garkuwa:
Na karanta komai, na gode muku ƙwarai. Yaya Dattijo, labarin abokinka mai cewa "a sake" ya zauna mini a rai. Gaskiya kafin yau ina ganin masu hana a dawo da kayan nan rowa ce kawai ke damunsu. Yanzu na gane wasu ba kaya suke karewa ba. Allah Ya jiƙansa.

Duk da haka ban bar ra'ayina ba. Da za a buɗe mini ƙofar nan ko na mako ɗaya ne, a sauke ni zuwa ƙarfin da aka ga dama, zan shiga. Ba don a gan ni da garkuwar ba. Faɗa ne da na bari a tsakiya, kuma duk lokacin da na ga gurbin ina tuna kujerar asibitin da nake zama a kai ina kallon bidiyon yadda ake cin Kruul a waya, da sautin a kashe don kada in tashe shi.

Dattijo:
To ƙanena, Kruul ɗin yana nan a Broken Shore, bai je ko'ina ba. Garkuwar ce babu, faɗan yana jiranka. Ka taɓa komawa tun da aka sake buɗewa?

Mai Garkuwa:
Ban taɓa ba. Na kan je bakin hasumiyar in juyo.

Dattijo:
Ka koma. Ni na ci shi da mayaƙi, zan zauna da kai a murya in kana so. Abin da ke kashe mutane a zangon farko haɗama ce: suna daɗewa a cikin da'irar Variss, dodon da ake fara karawa da shi, suna dukansa, alhali tana rage musu jini a hankali. Ka shiga, ka yi duka kaɗan, ka fita ta sauka. Idanun nan da ke fitowa ka kashe su da wuri. Kada ka taɓa tsayawa da bakin dandali a bayanka in manyan duwatsun wutar nan suna kusa, bugu ɗaya za su jefa ka ƙasa. Ƙwallayen hasken da Velen, mai taya ka faɗan, ke ajiyewa kuma kada ka taɓa su don ka gan su, ka adana su sai Kruul ya sauko, a nan za ka neme su ido rufe.

Mai Garkuwa:
Bakin dandalin nan shi ya fi kashe ni a 2017. Ranar Asabar da daddare ta yi maka, Yaya?

Dattijo:
Ta yi. Ka gyara kayanka, ka zo da magunguna da yawa, za mu daɗe.

Sabon Shiga:
Ni kuma wa zai raka ni Blackwing Lair? Na shiga ɗazu, dodon farko ya hallaka ni da wurin gaba ɗaya, ban ma gane abin da ya faru ba.

Maharbi:
Razorgore ke nan. Kashe shi ka yi tun ƙwayayen suna nan, ko? Ba a taɓa shi sai an fasa ƙwai duka. Akwai wata ƙwallo a gefen ɗakin, ka kashe masu gadinta, ka danna ta ka mallake shi, da shi za ka bi ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya. Turo mini sunan jaruminka da sabar da kake, in na taso daga aiki mu shiga tare. Wane aji kake wasa da shi?

Sabon Shiga:
Faladin ne, Yaya. Tun da na ga hoton da Mai Garkuwa ya sa nake son hular nan.

Mai Garkuwa:
Hular tana wajen Nefarian, dodon ƙarshe, tare da rigar. Wandon kuwa ba a nan yake ba, sai ka gangara Molten Core wajen Ragnaros. Ku kira ni in za ku shiga, na san hanyar ɗakin tarkon nan da ke rage gudu kamar tafin hannuna.